Mala, Ugo da Finafinan Baƙi da Fari

Ranar Laraba, 6 ga Agusta, 2025, ina tsugune ina alwalar Azahar, Abdulnasir ɗan Alhaji Mala ya kira ni a waya ya ce Baba ya cika. Na ajiye buta na mayar da al'amari ga Allah, wanda daga gare Shi muke, kuma gare Shi za mu koma. Alhaji Mala mai turare na Fagge, aminina tun muna makarantar allo, ya riga mu gidan gaskiya bayan doguwar jinya.

Mala, ni na fara kai ka silima muna samari. Ni na Indiya nake so, a yi waƙa, a yi rawa, a kashe mugu, kowa ya tafi gida da farin ciki. Wata rana aka sako wani tsohon fim na Turawa, baƙi da fari, babu waƙa, babu dambe. Mutane suka yi ta tsaki suna ficewa, kai kuwa ka zauna kamar an dasa ka. Mutum ɗaya ne ya rage a layinmu ban da mu, Ugochukwu, wani mai gyaran rediyo haifaffen Sabon Gari. Tun daga ranar na samu abokin rabo a kanka, kuma har yau ban daina kishinsa ba.

Da bidiyo ya zo, Ugo ya shiga tara irin waɗannan finafinai na masu laifi da masu bincike. Kowace Lahadi bayan La'asar sai ka rufe shago ka hau babur ka nufi wurinsa. Na sha bin ka, amma gyangyaɗi nake yi. Ku kuwa sai ku tsayar da fim don kawai ku kalli yadda inuwar taga ta faɗo wa mutum a fuska kamar sandunan kurkuku, ko yadda fitila ɗaya take haska titin da ruwan sama ya jiƙa. Ku yi ta gardama a kan matar da ta shigo ofishin mai bincike tana kuka: taimako take nema, ko rami take haƙa masa? Ka ce abin da ke burge ka shi ne mai binciken kansa ba waliyyi ba ne, ga gajiya ga talauci, amma ya ƙi a saye shi, kuma ko ya gano gaskiya babu wanda zai tafa masa.

Da na ce maka ni ban ga abin so a fim mai duhu ba, ka yi dariya ka ce, "Baha, a naka fim mugu da muguntarsa aka haife shi. A nan kuwa mutum ne kamar ni da kai, ya yi taku ɗaya ba daidai ba, yana son komawa baya, hanya ta ƙi."

Na ga wannan magana a aikace ranar da aka kama wani magidanci a kasuwa ya ɗauke bandir ɗin yadi. Matasa sun taso da sanduna, ka ja shi cikin shagonka ka tsaya a bakin ƙofa, ka ce babu mai taɓa shi sai an ji yadda aka yi ya kai ga haka. Ka miƙa shi ga dattawan kasuwa, daga baya ka nema masa aikin gadi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Shekarar da gari ya rikice kuma, ka kwaso Ugo da matarsa Felicia da 'ya'yansu ka kawo su gidanka. Matarka Hajiya Yakaka ta ba su ɗakinta, kai ka shimfiɗa tabarma a zaure har ƙura ta lafa. Na yi alfahari da kai, amma na ga yadda shaƙuwarku ta ƙaru bayan nan, abin ya tsaya mini a rai.

Zuwana na ƙarshe duba ka, na tarar da Ugo a gefen gado, ya jingina waya da matashi kuna kallo. Magana ta riga ta yi maka wuya. Ka ɗaga yatsa ka nuna wani abu a fim ɗin, Ugo ya gyaɗa kai, kuka yi murmushi tare. Na leƙa, ban ga komai ba sai wani mutum yana hawa bene, inuwarsa ta riga shi isa sama. Na koma gida ina jin zafin cewa akwai wani yare da kake yi wanda ni ban iya ba.

A zaman makoki Ugo ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Malam Bahauddeen, kai ka yi masa salla, kai ka shiga kabari ka kwantar da shi da hannunka. Ni daga bakin maƙabarta na tsaya ina leƙe. Ka fi ni rabo." Na kama hannunsa na riƙe.

Ya Allah, ga bawanka Mala ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama kamar yadda ya tausaya wa bayinKa, Ka yalwata kabarinsa, Ka cika shi da haske, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Yakaka, da 'ya'yansa Abdulnasir da Khairiyya da ƙannensu, da 'yan'uwa na nan Kano da na Borno, da Ugochukwu da iyalinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Bahauddeen Mustafa, Rijiyar Lemo, Kano