Farar Mota a Kwanar Dutse

Kawuna ne ya kawo mana kwamfutar a cikin kwalin dabino, wata ranar Alhamis bayan La'asar. Yana da shagon gyaran rediyo da talabijin a unguwar Sultana a Madina, wani ya kai masa ita gyara bai sake waiwayarta ba har shekara ta zagayo. Irin wadda ake jona wa talabijin ce, allon haruffa mai kauri da wani rami a sama inda ake cusa kaset. Kaset ɗin ɗaya ne tal, wasan tseren mota ne a ciki. Shekarata tara a lokacin, yayana yana da sha uku, muna zaune a unguwar Jurf tare da iyayenmu da kakarmu ta wajen uba.

Wasan nan ba shi da tausayi ko kaɗan. Motoci uku ake zaɓa, ja da shuɗiya da fara. Hanyar siririya ce tana hawa dutse, hagu bango, dama rami. Idan ka faɗa shi ke nan, sai ka koma farko. Kwana ta farko da ta biyu mun iya su cikin mako guda. Ta uku kuwa, wadda muka sa wa suna kwanar dutse, tana zuwa ne da zarar an fito daga wani kogo mai duhu, kafin idonka ya saba da haske hanya ta riga ta karkata. Motar sai ta faɗa ramin, ta yi ta juyawa tana ƙanƙancewa, talabijin ya yi wata ƙara mai tsini, sannan allon ya yi baƙi ƙirin har ina ganin fuskata a ciki. Duk da haka ina son wasan. Har yau ina iya rera kiɗansa, kuma wani lokaci nakan yi kewar sanyin tayil ɗin falonmu, ni da yayana a kwance rub da ciki muna faɗa a kan layin wa ne.

Babanmu direba ne. Yana ɗaukar masu ziyara daga Madina zuwa Makka, ya kwana, ya dawo da wasu washegari, a wata doguwar farar mota. Shi ya sa kullum fara nake zaɓa. Wata rana na faɗa ramin, da yamma Baba ya dawo gilashin gabansa a tsage, tsakuwa ta buge shi. Bayan kwanaki na sake faɗawa, ya dawo yana ba Umma labarin tayarsa ta fashe. Kullum fa ina faɗawa, sau goma ma a yini, amma waɗannan biyun kaɗai zuciyata ta riƙe. Na gama yarda cewa motar cikin talabijin tana da alaƙa da ta Baba. Ban gaya wa kowa ba. Na koma zaɓar shuɗiya duk ranar da yake kan hanya.

Ranar da abin ya faru hutun makaranta ne, da hantsi, ana sa ran Baba zai iso da Azahar. Yayana ya miƙo mini allon haruffan ya ce, "Yalla, yi sauri, zan sha ruwa in dawo." Garin sauri yatsana ya danna maɓallin farawa kafin in canza mota. Sai ga farar a kan hanya, kiɗa ya tashi. Na kai hannu zan kashe, sai na tsaya. Idan na kashe tana cikin tafiya fa? Na ga wannan ya fi faɗawa muni. Ba ni da mafita sai in tuƙa ta.

Ban taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Na wuce kwana ta farko, na wuce ta biyu, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, ina karanta duk addu'ar da na sani. Na shiga kogon. Ina fitowa na danna hagu da dukkan ƙarfina, amma na makara da kamar ƙiftawar ido. Allon ya yi baƙi.

Azahar ta yi, Baba bai zo ba. Umma ta rufe masa abincinsa. La'asar ta yi. Lokacin babu wayar hannu a wajenmu, sai ta gida da ke kan wani ɗan teburi a falo. Muna nan sai maƙwabciyarmu ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Mutuniyar Chadi ce, mijinta ma direba ne a hanya ɗaya da Baba, 'yarta kuma ƙawata ce. Ta ce wa Umma, "'Yar'uwa, kin ji? An yi hatsari a hanyar Makka, sun ce farar sayyara ce, mota irin ta mazajenmu. Namu bai dawo ba. Naku fa?"

Umma ta zauna a ƙasa nan inda take. Ta kira kawu, ya ce zai rufe shago ya zagaya asibitoci. Ni kuwa na shige banɗaki na yi amai, na kasa fitowa. Kunnena yana ta jin ƙarar nan mai tsini ko da yake talabijin a kashe yake.

Kaka ce ta same ni. Ita ba ta yarda a yi mata Larabci a gida, mu kuwa da shi muke amsa mata, ta yi ta faɗa. Na fara gaya mata da Larabci ina shessheƙa, ta ce, "Ke 'yar nan, yi mini magana da Hausa in ji." Da Hausata mai tuntuɓe na ce, "Kaka, ni ce. Ni na jefa motar Baba a rami."

Ta ce in faɗa mata yadda aka yi. Na bayyana mata komai, gilashin da tayar da kwanar dutse. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi tsawa ba. Ta ce, "Abin da sai an sa masa wuta yake motsi, shi zai riƙe ran ɗana? Rai a hannun Allah yake. Yi alwala ki zo ki zauna kusa da ni." Na yi, na zauna. Ta ɗauki carbi tana ja, amma tsorona bai ragu ba.

Gab da Magariba wayar ta yi ƙara. Umma ta ɗauka, na ji ta ce, "Alhamdu lillahi, kai ne?" Wani daɗi ya cika ni har na miƙe tsaye. Sai na ga fuskarta ta canza, ta juya wa maƙwabciyarmu baya tana sauraro. Baba yana bayan motar da ta yi hatsarin ne. Shi ya ɗauki waɗanda suka ji rauni ya kai su asibitin wani gari da ke kan hanya, aka tsayar da shi ya ba da bayani. Motar ta mijin matar nan ce da ke zaune a falonmu, tana kallon bakin Umma.

Kwana biyu mijin nata ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. An yi masa salla a Harami. Baba ya dawo da jini a bushe a hannun rigarsa, ya yi mako bai taɓa sitiyari ba. Na san abin da Kaka ta faɗa gaskiya ne, na kuma san rabin motocin garin farare ne. Amma na shekara biyu ko uku duk sanda na haɗu da ƙawar tawa sai in kasa haɗa ido da ita.

Da matar ta gama takaba, suka koma wajen danginta a unguwar Azizya. Mun taya su fitar da kaya. Ni na ɗauko tukwane, ƙawata ta ɗauko filon babanta ta rungume. Da za su shiga motar kaya uwar ta kamo hannuna, ta ba ni ƙullin busasshiyar kuɓewa in kai wa Kaka, ta ce, "Ki riƙa zuwa wajen 'yar'uwarki, kin ji? Kada ki yar da ita." Na ce to. Sau biyu na je.