Tsugunon da Ba Ni Na Koyar Ba

'Yata ta fari a Madina aka haife ta, a shekarar da na fara aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Hausa tana jin ta sarai, har da habaici, amma amsa sai da Larabci. Wannan na daɗe da haƙura da shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne gaisuwa.

Mu a gidanmu a Zariya yarinya ba ta gaida babba a tsaye. Za ki tsuguna har ƙasa, ki sunkuyar da kai, sai an ce ki tashi. Tun tana ƙarama nake fama da ita a kan haka, tana zillewa. Da ta fara wayo sai ta samo hujja daga makaranta, wai ba a rusuna wa kowa sai Allah. Na ce mata tsuguno daban, ruku'u daban, kakanninta da suke tsugunawa ba jahilai ba ne. Ta ce, "Khalas ya Mama, ya isa haka, a nan kan manya ake sumbata." Babanta ya goya mata baya, shi da ma ba ya son dogon zance. Duk lokacin da mahaifiyata ta kira ta waya tana tambayar tarbiyyar jikarta, sai in karkatar da zancen.

Ana nan sai yoga ta shigo gidanmu, a shekarar da yarinyar ta shiga jami'a. A wani wurin motsa jiki na mata zalla a unguwar Al-Khalidiyya ake yin ta, ƙawayenta suka ja ta. Ta sayo 'yar tabarmar roba tana yawo da ita a kafaɗa. Wata safiya na fito zan ɗora shayi, na tarar da ita a tsakiyar falo a tsugune: dugadugai a ƙasa, baya a miƙe, kai a ɗan sunkuye. Irin tsugunon da na yi shekaru ina roƙo ke nan, ga shi ana yi wa bango. Na tambaye ta mene ne wannan. Ta faɗi wani suna na Indiyanci da harshena ya kasa juyawa, ta ƙara da cewa Kabtin ce ta ce su riƙa yi kullum.

Kabtin ita ce malamarsu, haka ake kiran masu horar da mutane a nan. Daga ranar sunan nan ya zauna mana a gida. Kabtin ta ce a sha ruwan ɗumi da safe. Kabtin ta ce a rage sukari. Ni da na karanta haɗa magunguna, na yi ta faɗar wannan har bakina ya gaji, ba a taɓa cewa "Mama ta ce" ba. Kishi na ji, ba zan sa masa wani suna ba. Matar da ban taɓa gani ba ta sa 'yata ta kai ƙasa da kalma ɗaya.

Muna aiki da wata 'yar Indiya, Musulma, mai yawan magana. Da na ba ta labari sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce a garinsu yoga ta maƙwabtansu ce, tare take da ibadarsu da azuminsu da malamansu, mutum yakan tsufa yana koyo. Ta ce ita ba addininta ba ne, amma yana yi mata ciwo ta ga an kwashe abin mutane, an zubar da ma'anarsa, an sa masa kiɗa ana sayarwa, ko a ce an gode babu. Na saurare ta ina gyaɗa kai kamar mai tausayin Indiyawa. Gaskiya makami na samu.

A wajen cin abinci na zare shi. Na ce abin da suke yi ibadar wasu ce. Ta ce Kabtin ta cire duk wani abu na ibada, ba waƙe, ba haɗa hannu, numfashi ne kawai da miƙa jiki. Sai na juya na ce to ai wannan ya fi muni, an ɗauki kayan mutane an yanke masa kai, sata ke nan, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Babanta ya ɗago ya ce, "Hajiya, ki tsaya a guda. Laifin Kabtin ta bar ibadar a ciki ne, ko ta cire ta?" Yarinyar kuwa ta nuna tiren shinkafar Larabawa da ke gabanmu ta ce, "Wannan kabsar da kika dafa, daga Zariya kika zo da ita?" Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Na ce sai na ga matar nan da idona. Na bi 'yata wata Asabar, na zauna a gefe da abayata. Ina jiran Baturiya ko 'yar Labanan, sai ga baƙar mace kamata, doguwa, mai fara'a. Ashe jikar mutanenmu ce, waɗanda suka zo aikin Hajji a ƙafa tun zamanin da, suka zauna. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, "Sannu ya khala, kin zo lafiya? Marhaba, gida naki ne." Hausar a karye, har da "khala", wato inna da Larabci, amma da ladabi. Na so ta yi mini rashin kunya ko kaɗan ne, in samu abin riƙewa, ba ta yi ba.

Da suka zo wajen tsugunon, sai ta ce wa 'yan matan wannan zama ba na Indiya kaɗai ba ne. Haka kakarta take zama tana tuƙa tuwo, haka take gaida manya, kuma har ta rasu ba ta taɓa kukan gwiwa ba. Na dubi fuskar 'yata. Baki ta saki tana kallon matar, kamar yau ta fara jin labarin. Ni fa a gabanta nake tsugunawa ina tsintar shinkafa tun ba ta san hannun damanta ba. A mota na ce, to yanzu ba Indiyawa kaɗai aka yi wa aro ba, har da mu. Ta ce ai Kabtin ma tamu ce. A haka muka iso unguwarmu ta Ƙuba.

Ba a jima ba mahaifiyata ta zo Umara. Tsarinsu shi ne su fara da Madina kafin su ɗauki harami a Bi'ir Ali, don haka ta sauka a wajenmu. Rabonta da jikarta tun yarinyar tana firamare. Na so in ja 'yata gefe in roƙe ta, sai girman kai ya hana ni. Na ce a raina duk abin da zai faru ya faru, in an ce na kasa tarbiyya a ƙasar mutane, sai in ɗauka.

Tsohuwa tana zama a kan kujera, yarinyar ta shigo. Ba wanda ya ce mata komai. Ta taka har gabanta, ta tsuguna, ta sunkuyar da kai, ta ce da Hausa, "Sannu da zuwa, Kaka." Kuma ba ta tashi ba.

Mahaifiyata ta dafa kanta, idonta ya kawo ruwa. Ta miƙo ɗaya hannun ta kama nawa ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ana ta ce mini 'ya'yan can a tsaye suke gaisuwa kamar sojoji. Ashe kin riƙe gida." Rabon da ta yabe ni haka na manta. Na ji daɗin da ban san inda zan sa shi ba.

Sai yarinyar ta ɗago, tana murmushi, ta yi wata 'yar magana da Larabci. Tsohuwa ta juyo ta ce, "Me ta ce?"

Da yarinyar ba ta jin Hausa, wallahi da na ce cewa ta yi ta yi kewarki. Amma tana ji, kuma idonta yana kaina. Na ce, "Wai malamarsu ta motsa jiki ce ta ce in kakarta ta zo, ta gaishe ta yadda ake yi a gida."

Mahaifiyata ta saki hannuna a hankali, ta ɗaga nata biyun sama. Ta yi wa matar addu'a mai tsawo, ta haɗa da iyayenta da kakanninta da suka taka sahara, ta roƙa mata zuriya mai jin magana. 'Yata tana ta cewa amin daga tsugune. Da tsohuwa ta shafa, sai ta dube ni.

"Ke ba ki ce amin ba."

Na ce amin.