Layar da ke cikin bonet

Lokacin da motocin Beljiyam suka fara shigo mana, ina aikin wayarin mota a Kalgo, kuma bakina ya fi hannuna aiki. Duk wanda ya zauna a bencina sai ya ji cewa mota mai injekta, wadda ƙwaƙwalwa ke raba wa mai, ba ta gagare ni ba. Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa leƙa cikinta a Sakkwato, shi ma ta bayan kafaɗar wani makanike.

Sai ga saƙo daga Gwandu, wai surukina yana nemana, motarsa ta ƙi lafiya. Dattijon Bafulatani ne mai shanu, kuma tun da ya ba ni 'yarsa bai taɓa neman komai a wurina ba. Na sani sarai malamin makaranta ya so ya ba, ba mai baƙin mai a farce ba. Na hau babur ina faɗa wa kaina yau zai san bai yi asarar 'ya ba.

Na same shi a kan buzu ƙarƙashin dogon yaro, motar tana gefe. Na tuɓe takalmi, na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba, don akwai kunya tsakaninmu. Da ƙanensa ya yi magana, kamar ba na wurin.

"A ce mishi ya duba muna motagga. Tana tuma kamar maraƙi, in anka taka ta sai ta mace."

Na buɗe bonet. Babu kafireta, babu abin da na saba da shi, sai wayoyi birjik. Na fara da abin da na iya. Na kwance fulogi na goge, na ɗora wa man bumburutu laifi, na ƙwanƙwasa nan na ƙwanƙwasa can ina gyaɗa kai irin na masana. Har na ce wataƙila ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Ƙanen ya isar da maganar, dattijon ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi mari ciwo.

Aka kawo fura daga cikin gida. Yunwa tana cina, amma wa zai sha fura a gaban surukinsa? Na ce na ƙoshi, cikina yana ƙaryata ni a fili.

Bayan azahar ne na tuna da mitar awon wuta da ke jakata, wadda kusan don ado na saye ta. A jikin injin akwai wani ɗan baƙin akwati mai siririn tiyo da ake kira sansa. Shi ke auna ƙarfin iskar da inji ke zuƙa, ya gaya wa ƙwaƙwalwa yawan man da za ta saki. Na taɓa jin makaniken Sakkwato yana cewa wutar bolt biyar ke shiga cikinsa. Na ɗora mita a wayarsa, allura da ƙyar ta motsa. Na gwada batir, lafiyarsa lau. Ashe wuta tana zurarewa ne a hanya.

Na bi wayar da yatsa har bayan inji, sai na taɓa fata. Laya ce, an ɗaure ta tam da siririyar wayar ƙarfe a jikin damin wayoyin. Girgizar hanya ta sa ƙarfen ya ci robar wayar sansa, yana kwashe wutar yana zubar wa jikin mota. Ba sai an gaya mini ba, irin ɗaurin nan na mai shanu ne.

Murna ta kama ni, sai kuma ta sake ni. Ta yaya zan ce wa surukina layarsa ce ke kashe masa mota? In na faɗa, na kunyata shi a gaban ƙanensa. In na yi shiru, babu wanda zai san abin da na gano. Na daɗe da kaina a cikin bonet ina gumi. A ƙarshe na kwance layar, na naɗe wayar da tef, na mayar da layar can gefe da igiyar leda.

Aka murza makulli, mota ta tashi sumul. Aka zaga da ita gari aka dawo, ko tari ba ta yi ba. Na tsaya ina goge hannu, ina jiran yabo.

Dattijon ya dubi ƙanensa ya ce, "Na hwaɗa maka akwai tsari jikinta. Allah dai shi ka gyara."

Haka na hau babur da yunwa da haushi. Har na iso Kalgo ina yi wa layar nan baƙar magana a zuciyata. Na gaya wa matata babanta bai san darajar mutane ba, ita kuwa ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ba a jima ba ta je ganin gida. Da ta dawo ta ajiye mini ƙwaryar fura, sannan ta kwance bakin zane ta miƙo mini layar, da igiyar ledata a jikinta.

Ta ce, "Baba ya ce a ɗaura maka ga babur, hanyar Gwandu ba ta da kyau. Amma wai ka ɗaure ta nesa da waya."