Motar da Na Saya wa Jamilu

Ni mutumin Balan ne, a ƙasar Gaya. Kafin in lalace, dillalin awaki da tumaki ne ni a kasuwar Ajingi, ga kuma gonar gado da muke nomawa, gero da gyaɗa ba sa yanke mana. Ba ni da arziki, amma gidana ba a taɓa kwana da yunwa ba. Ɗana namiji guda ɗaya ne, Jamilu, yaro mai kunya wanda ko ido ba ya iya haɗawa da babba. Ku samari, ku saurara, a kansa na yi ɓarnar da zan ba ku labari.

Ina da ɗan baffa, Haladu. Tare muka yi kiwo, tare muka sha bulalar malam, kuma wallahi na fi shi kai, don ni nake biya masa karatu. Sai ya shiga harkar hatsi, Allah ya buɗa masa, ya zama Alhaji Haladu. Ban taɓa yi masa murna har zuci ba. In ya ɗinka sabuwar riga sai tuwo ya ƙi yi mini daɗi. Da ya yi wa gidansa rufin kwano, mako guda ina zagayawa ta bayan gari don kada in gani. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta.

Ita ta fara koya mini cuta. In ba akuya gishiri, in ɗura mata ruwa ta kumbura, a ce ƙiba ce. In rantse a kan tayin da ba wanda ya yi. Daga nan wasu mutane suka fara kawo mini babura marasa takarda, ina nema musu masu saye a ƙauyuka. Ban taɓa tambayar inda suka samo su ba, saboda na sani.

Shekarar da Jamilu ya cika sha bakwai, Alhaji Haladu ya sayo wa ɗansa Halifa, sa'an Jamilu, Marsandi 'yar Beljiyam, irin wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita. Wata ranar kasuwa ina tsaye riƙe da igiyar tunkiya, sai ga motar ta tsaya a gabana. Yaron da aka raɗa wa suna a kan idona bai fito ya durƙusa ba. Gilashi kawai ya sauke, sanyi ya bugi fuskata, ya ce, "Baffa, ina wuni? Ko in rage maka hanya?" Na ce ya je, na gode. Da na waiwaya sai na ga Jamilu a bayana yana bin motar da kallo har ta sha kwana. Bai ce yana so ba. Ni ne na ƙudura sai ya hau wadda ta fi ta.

Na nemi masu kawo mini babura, na ce mota nake so, wadda ta fi ta Halifa. Bayan wata biyu suka kira ni Kano, suka nuna mini wata baƙa mai kujerun fata, ko ƙamshin turaren mai ita bai gama fita ba. Farashin da suka faɗa ya isa ya gaya wa kowane mai hankali gaskiya. Na jinginar da kasona na gona, na karɓi makulli da takardun da na san a ranar aka buga su.

Uwar Jamilu ta ce, "Malam, ina mu ina wannan?" Na ce ta rufe mini baki. Yaro ya koyi tuƙi a filin makaranta, ko lasisi ba shi da shi. Kullum da la'asar sai in sa shi mu bi ta ƙofar gidan Haladu a hankali, in ce ya danna hon. Haladu ya zo har gida ya yi mana Allah ya sanya alheri, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, ka ba ni takardun nan in kai a duba." Na yi dariya a raina, na ce to, yau shi ma ya ɗanɗana abin da nake ji.

Ba ta yi wata guda a hannunmu ba. Jamilu ya ɗauki malaminsa na Islamiyya zai kai shi ta'aziyya Toranke, jami'an tsaro suka tare su a hanya. Ashe akwai na'urar bin sawu a jikin motar, kuma da bindiga aka ƙwace ta, har an harbi mai ita a ƙafa. Ina kasuwa labari ya same ni. Kun san abin da uban nan naku ya yi? Na kashe waya, na gudu wani ƙauye na ɓuya a gidan abokina.

Kwana uku sai ga Haladu ya gano ni. Bai zage ni ba. Ya ce, "Ana ta tambayar yaron nan wa ya ba shi mota, ya ce ba zai ambaci sunan ubansa a wurin ba. Gobe za a kai shi kotu da tuhumar fashi da makami." Na shiga motarsa, ya kai ni na miƙa kaina.

Sai da Jamilu ya yi mako biyar a tsare kafin a wanke shi, jarrabawarsa ta gama sakandare ta wuce shi yana ciki. Ni aka yanke mini shekara shida. Haladu ne ya riƙe gidana, shi ya fanso gonar. Shekarar farko ko wannan alherin ma haushinsa nake ji, don ku san yadda ciwon nan yake. Sai a hankali, ina zaune ba abin yi sai tunani, na gane mutumin nan bai taɓa ƙwace mini komai ba. Na tuba ga Allah, na aika masa da neman gafara.

Ranar da aka sake ni Jamilu ne ya zo, ya zama magidanci, har da 'yarsa. A motar haya ya tambaye ni abu ɗaya: "Baba, ranar da ka miƙo mini makullin nan, ka san ta sata ce?" Na ce, "Na sani." Ya ce, "To." Bai sake tayar da maganar ba.

Ku yara, in kun ga abu a hannun wani zuciyarku ta yi zafi, ku yi masa addu'a da ƙarfi har zafin ya sauka. Kada ku matsa wa iyayenku a kan abin hawa, kada kuma ku karɓi kayan da arharsa ta ba ku tsoro. Kurkuku ana fitowa, ga ni na fito. Jamilu yana ciyar da ni, yana gaishe ni safe da yamma. Amma jiya na sayo wa jikata alewa a bakin masallaci, na miƙa mata, sai ya riƙe hannunta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a ina ka samo?"