Kwalin Radivoje

Radivoje shekara talatin ya yi yana gadi a garejin motocin haya na garinmu. Bai taɓa kwance ko noti ɗaya a wurin ba, kallo kawai yake yi ta tagar ɗakin gadi, amma ranar da ya yi ritaya sai ya dawo unguwa a matsayin babban bakanike. Abin da ya tsinto a garejin doka ɗaya ce: duk abin da ka cire daga mota, ka mayar da shi inda ka same shi.

Motarsa ta girmi 'yarsa ta fari. Kamar kowa a nan, da sanyi ya shigo yakan zura kwalin ayaba a gaban lagireto don kada injin ya daskare, in ƙanƙara ta narke a cire. Bana lokacin cirewa ya same shi a asibiti ana yi masa aikin gwaiwa. Ya fito ya manta. Da zafi ya kankama, motar ta koma tukunyar shayi.

Ga shi kuma shi ne kum, wato uban biki, a auren ɗan Dragoljub mahauci, kuma motar kum ce ke jan gaba zuwa cocin da ke kan tudu.

"Kum, in tsohuwar nan ba za ta hau ba, faɗa mini tun yanzu," in ji Dragoljub ta kan shinge. "Surukina ya zo da sabuwa dal daga Jamus."

"Sai ya ajiye ta don ɗauko kayan miya," in ji Radivoje. "Ni zan ja gaba."

Mako uku yana tsakar gida. Ya samo lagireton tarakta a wurin masu gwangwan, ya ƙi shiga, ya yanke ƙarfen gaban motar da zarto. Ya ƙara fanka ta biyu, ya sake tiyo. Duk abin da ya ciro sai ya jera shi a kan zanen teburin matarsa Milunka, bi da bi. Na farko a layin shi ne kwalin ayaba, ya yi baƙi ƙirin da mai. Da ya zo haɗawa ya bi layin daga ƙarshe, yana ƙirgawa da baki. Kwalin ya rage shi kaɗai a kan zane. Dokar gareji ba ta yarda a bar komai ba, sai ya mayar da shi gaban lagireto. Da ya ga sabon lagireton ya fi tsohon faɗi, har ƙara masa wani kwalin ya yi.

"Maigida, kwalin nan fa..." in ji Milunka.

"Ke, na taɓa zuwa na koya miki gasa barkono?"

Ta koma kan barkononta.

Ran biki aka ɗaura wa motar fararen tawul da furanni. Ta ja gaba, masu busa na biye. Rabin tudu allurar zafi ta kwanta, tururi ya turnuƙe, motar ta yi tari biyu ta tsaya. Radivoje ya fito da kwat ɗinsa ya ɗaga murfi yana hararar fankokin, su kuwa sai juyi suke yi suna hura kwali. Motar Jamus ta ratse ta gefe a hankali.

"Kum, nan za a aiko maka da naman bikin ne?" in ji Dragoljub ta taga.

Milunka ta sauko, ta naɗe hannun rigar bikinta, ta zura yatsu biyu ta zaro kwalin. Ta zauna a bakin hanya tana fifita da shi.

"Ka yi aiki, maigida," ta ce. "Wannan kam yana ba da iska."

Da ƙafa suka ƙarasa, limamin coci na jira tunda ba a ɗaura aure babu kum. Har yau in aka kawo ayaba shago, sai an ajiye wa Radivoje kwalin a ƙofar gida.