Rigar Auta

Iya Mai Makulli ba ta taɓa shirin zama mai gidan baƙi ba. Ƙuruciyarta a ɗakin wankin asibiti ta ƙare, tana dirzar zannuwan gado har tafin hannunta ya koma kamar soso. Da ta ajiye aiki, yara kuma kowa ya kama gabansa, sai ta ga ɗakunan gidan babu mai kwana a ciki sai gizo-gizo. Ta share, ta rataya labule, ta ɗaure makullan a bakin zani. Nan sunan ya samo asali, don kafin ka gan ta ka ji ƙararsu.

Garin nasu ba shi da abin kallo. Titi ɗaya ne mai kwalta, shi ma da rana ta take awaki ne ke barci a tsakiyarsa. Ashe akwai masu neman irin wannan shirun, ma'aikatan manyan birane da hayaniya ta cinye musu kai. Su zo dogon hutu, su zauna a baranda suna kallon bishiya kamar ba su taɓa ganin ganye ba. Iya takan yi musu dariya a ciki, amma tana kula da su tsakani da Allah. Doka ɗaya ce a gidan: akwai wata shuɗiyar ƙofa a ƙarshen baranda, baƙo ba ya wuce ta.

Bayan ƙofar nan mijinta yake, Baba Tela. A zamaninsa, in ya kalli kafaɗarka sau ɗaya ya gama awo. Tsufa ya kwashe masa sunaye da ranaku, ya bar masa hannuwansa da keken ɗinki. Har rasuwar Auta, ƙaramar 'yarsu da ta tafi tana budurwa, ta goge daga kansa. Kullum da hantsi sai ya ce, "Auta fa?" Da farko Iya gaskiya take faɗa masa, ya yi ta kuka kamar yau aka yi rashin. Da ta ga kowace safiya ita ke kashe masa 'ya da bakinta, sai ta koma cewa, "Ta yi tafiya, Malam, tana nan dawowa." Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da taka kekensa. Wannan ƙaryar ce ke riƙe da tsohon, Iya kuwa lallaɓa ta take kamar ƙwai.

Ana nan sai wata baƙuwa ta sauka, doguwa mai fara'a, wadda maƙwabta suka sa wa suna Mai Gilashi saboda gilashin idonta.

"Iya, ni ba yawo ne ya kawo ni ba," in ji ta. "Na gaji da birni. So nake in zauna, in san mutane."

Ta kuwa zauna. Ta taya shanya, ta taya ninki, ko da yake ninkin nata sai Iya ta warware ta sake.

"Ke dai hannunki na biro ne. Wannan ninki ne ko dambe kika yi da zanin?"

Su yi ta dariya. Iya, wadda ta daɗe ba ta ji motsin 'ya mace a gidan ba, ta saki jiki.

Wata safiya Iya ta shige shuɗiyar ƙofa da kwandon wanki, ba ta san baƙuwar na biye da ita da bokiti ba. Baba Tela ya ɗago kai, ƙafarsa ta tsaya a kan keke.

"Auta? Kin dawo?"

Iya ta juya ta ga baƙuwar a bayanta. Mai Gilashi ta dube ta, ta dubi tsohon, sai ta ajiye bokitin ta durƙusa.

"Na dawo, Baba. Na same ku lafiya?"

Rabon da Iya ta ga haƙoran mijinta a waje haka, har ta manta. Da yamma, suna ninkin zannuwa, ta zayyana wa baƙuwar komai: zazzaɓin da ya ɗauke Auta, da kukan kowace safiya, da ƙaryar tafiya. Ko 'ya'yan cikinta ba ta taɓa buɗe wa zuciya haka ba.

"Maganar nan daga ni sai ke," ta ce.

"Haba Iya! Ai ni 'yarki ce."

Daga ranar baƙuwa ta zama Auta. Ita ke kai wa Baba shayi, ita ke zura masa zare a allura. Shi kuma ya ciro wani yadi mai ruwan ƙwai daga ƙasan akwati ya ɗinka mata riga, ba tare da ya auna ta ba, don awon 'yarsa na nan a hannunsa. Rigar ta ɗan matse ta a kafaɗa, ta sa abinta haka nan. Waya dai ba ta barin hannunta, amma Iya ta ɗauka mutanen ofis ne ke damun yarinya. Ranar tafiyarta Iya ta raka ta har tasha, tana share hawaye da gefen mayafi.

Ba a jima ba baƙi suka ƙaru, Iya har tana cewa albarkar yarinyar nan ce. Cikinsu akwai wasu 'yan mata biyu da tun saukarsu idonsu ke kan shuɗiyar ƙofa. Ta gaya musu doka, suka ce to. Ta tafi kasuwa sayen sabulu, ta dawo ta tarar da ƙofar a wangale.

Ga su durƙushe gaban keke, kowace da yadinta.

"Baba, ni ce Auta, na dawo," in ji ɗaya.

Ɗayar, waya a sama, tana danne dariya: "Ni ma Auta ce, Baba. A fara da tawa."

"Wa ya ba ku sunan nan?" in ji Iya.

"Lah, Mama, ba ki gani ba? Ai kowa ya gani."

Aka miƙo mata waya. Ga Mai Gilashi a bidiyo cikin riga mai ruwan ƙwai, tana murmushin nan da Iya ta sani. Tana cewa duk mai neman wuri shiru da mutanen kirki ya zo nan, ya ce wa tsohon ya dawo, zai samu riga kyauta. Sai kuma wata murya ta biyo baya, ta tsohuwa, tana ba da labarin zazzaɓi tana shessheka. Sai da Iya ta saurara sosai ta gane tata ce.

Ba ta yi ihu ba. Ta kwance makullin ɗakinsu, ta fito musu da jakunkuna bakin titi. Tana cikin haka wayarta ta yi ƙara, ashe Mai Gilashi ce.

"Iyata! An ce baƙi sun cika gida. Kin ga amfanin 'yarki?"

Babu ko ɗigon kunya a muryar, kuma wannan ya fi komai cin ran Iya. Yarinyar har ga Allah gani take alheri ta yi. Iya ta kashe wayar ta koma ciki.

Baba Tela na zaune, hannuwansa a kan cinya.

"Uwar yara, Auta nawa muka haifa?"

"Ɗaya ce, Malam."

"Babu ita a cikin waɗannan." Ya shafa kan keken. "Waccan ma da na yi wa riga, kafaɗar ba tata ba ce. Na gani, na ƙyale." Ya ɗago ya dube ta da idon da ta sani tun suna yara. "Ba tafiya ta yi ba, ko?"

Iya ta buɗe baki, ƙaryar da ta saba fita da kanta ta ƙi fitowa.

Ta ba kanta haƙuri cewa kafin gobe ya manta. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, ina zai riƙe wannan? Washegari ta kawo shayi, ta zauna kusa da shi da amsarta a baki. Ta tarar ya lulluɓe keken da zani, da hannunsa. Hantsi ya yi, inuwa ta janye daga bakin ƙofa, shayin ya huce. Iya tana zaune tana jira, Baba Tela bai tambaya ba.