Tsintar Dalma

Shekarar da na bar aiki a ma'aikatar gona, zama ya gagare ni. Da na dawo daga sallar asuba sai in sa kaya kamar mai shirin zuwa ofis, in fito zaure, in koma ciki, in taɓa famfo, in kwance abin da bai lalace ba. Matata ta ce idan na leƙo madafa ji take kamar an sako mata akuya. Majalisar ƙofar gidanmu a Ƙofar Sauri ma ba na iya daɗewa a cikinta. A fara hira, kafin a kai tsakiya na miƙe.

Cikin wannan hali na sayi bindigar iska a wurin wani ɗan'uwa da ya gaji da ita, irin wadda ake karyawa a saka ƙwayar dalma guda ɗaya. Yayana yana da lambu a bayan gari, kurege na tone masa gyaɗa, hasbiya da kurciya kuma sun saba da wurin. Na ce masa zan riƙa zuwa ina rage su. Wurin zuwa dai nake nema.

Harsashin a Babbar Kasuwa nake saye, a rumfar wani mai sayar da kwaɗon ƙofa da tarkon ɓera. Yakan ɗebo daga babban gwangwani ya zuba mini a leda, in jefa aljihu tare da makullai. Wasu kansu mai tsini, wasu a kwance, wasu a dunƙule. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Dalma ai dalma ce.

Sai dai ba na samu. In saita a kan kurciya, in ga ganye ya faɗo daga can gefe. Na zargi bindigar, na kwance ma'aunin saitinta na ɗaure har kusoshin suka fara cinyewa. Na zargi idona, na je aka canza mini tabarau. Wata safiya na harbi hasbiya a kan katangar rijiya, ta tashi da ƙafa ɗaya tana reto, gashi na zuba, ta faɗa gonar dawa. Na bi ta da wuƙa a hannu don in samu in yanka, na yi ta kutsawa har rana ta ɗaga, ban gan ta ba. Ban ci ba, ban bar ta da lafiyarta ba. Na yi kwanaki ina ganin ƙafar nan ko ina cikin salla.

Wanda na kai wa kukan tsohon abokin aikina ne, Kirista mutumin Filato, wanda ya girme ni kaɗan. Ya yi shekaru a sashen iri na ma'aikatarmu, ya riga ni ritaya, yana zaune a wani ɗan gida a gefen GRA. Matarsa ta riga ta koma gida wajen 'ya'yansu, shi kuma kullum cewa yake bayan damina zai bi ta. Damina ta wuce, wata ta zo. Dattijo nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. Na san yana fita da irin bindigata tun muna aiki.

Ya ce in juye masa abin da ke aljihuna. Ya kawo farantin silba ya baza su, ya ja kujera bakin taga.

"Malam, dubi gindin wannan," ya ce. Ya ɗaga guda. Ƙwayar tana da kai, da ƙugu, da buɗaɗɗen gindi kamar ƙaramin kofi, kuma bakin kofin ya lotsa. "A nan iska take turawa. In ya lanƙwashe, ta gefe za ta fita, ta tafi da shi inda ta ga dama. Makullanka ne suka yi wannan. Wannan kuma ya fi wancan nauyi. Iri nawa ka haɗa a leda ɗaya?"

"To mi za a yi? Haka ake sayarwa."

"Akwai na gwangwani a rufe. Ka ce mai rumfar ya ba ka wanda ba a buɗe ba, iri ɗaya. Shi ma sai mun tsince."

Haka muka fara. In je gidansa da hantsi, mu zauna da faranti kamar mata masu tsintar wake. Mai lotsattsen gindi gefe, mai ɓarɓashi a kai gefe. Sauran ya gangarar da su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin tsohon hoto, wanda ya yi tangaɗi ya fitar. Ni ba na iya jurewa. In tsinci kaɗan in miƙe, in zagaya tsakar gida, in leƙa kajinsa, in dawo in tambaye shi ko ya isa haka. Ba ya ɗagowa.

"Zauna, Malam. Kana sa mini jiri."

A bayan gidan muka jingina kwali da bango, muka gwada iri uku daga tazara ɗaya. Mai tsini, wanda na fi so don kamarsa ta mugunta, ya watsu ko'ina. Mai dunƙulen kai ya taru wuri guda, har murfin kwalba zai rufe hujojin. Abin mamaki, bindigarsa ba ta son shi, wani iri take so. Ya ce kowace da cimarta, in ka gano kada ka canza mata.

Daga nan na fara samu. Na daina harbi daga nesa, na daina harbin abin da ke motsi. Kurciya ta faɗo nan take, in ruga in yanka da bismilla. Shi in ya harbo, ni yake miƙo wa wuƙar, don mu ci tare. Yayana yakan gasa mana a lambu da yaji. Wannan lokacin ne kaɗai na ga Dattijo yana dariya da baki buɗe. Amma ko a can na lura wayarsa na ƙara, ya duba, ya mayar aljihu. Matarsa ce. A hankali na gane tsintar nan ba don hasbiya kaɗai yake yi ba. Yana da gwangwanaye a jere a kan taga, tsintattu, waɗanda ba zai harbe su ba ko zai shekara yana fita kullum.

Hanyoyin bayan gari kuma suna ta lalacewa. Kullum da labarin da za ka ji, an tare nan, an kwashe can. Matata ta fara tsayawa a bakin ƙofa in zan fita. Muka rage nisa, muka daina kaiwa la'asar, amma ba mu daina ba.

Wata Asabar muna cikin tsohuwar motar Dattijo, bindigogin a naɗe cikin buhu a baya, muka tarar da sabon shinge. Masu tsaron matasa ne, idanunsu ja don rashin barci. Ɗaya ya buɗe bayan mota, ya taɓa buhun, ya ja da baya da sauri. Aka ce mu fito, mu zauna a gindin wani dogonyaro, hannu a kan gwiwa. Motoci na wucewa a hankali, ana kallonmu. Na ga wani maƙwabcina a bayan mashin, ya kawar da kai. Na yi ta magana, ina bayanin iska da dalma da lambu, ba mai saurarona.

Wani daga cikinsu ya ɗauko gwangwanin Dattijo daga gaban mota. Murfin ya ƙi, ya sa ƙarfi, ya buɗe gaba ɗaya, dalmar ta watsu cikin yashi da bakin kwalta. Bai yi da gangan ba, har ya ce a yi haƙuri. Sai na ga Dattijo ya durƙusa yana tsinta, yana hure yashi. Ya tara kaɗan a tafin hannu, ya dube su, ya zubar, ya koma ya zauna.

Da babbansu ya iso, ya karya bindiga ɗaya, ya leƙa, ya mayar mana. Cikin ladabi ya yi magana.

"Baba, ku yi haƙuri. Amma yanzu ba lokacin yawo da wannan ba ne. Daga nesa ba wanda zai tsaya tambaya ko ta iska ce."

Muka juya gari. Da Dattijo ya tsaya a bakin layinmu sai ya ce, hannunsa na kan sitiyari, "Malam, zan tafi gida."

"Bayan damina?"

"A'a. Wannan watan."

Na taya shi ɗaure kaya. Kajin ya raba wa maƙwabta, bindigar ya kwance ta gunduwa-gunduwa ya cusa cikin katifa. Ranar tafiyar na raka motar kayan har bakin gari a kan mashin, na tsaya, na dawo ta wata hanya mai nisa don ban san abin da zan yi a gida ba.

Tawa bindigar yanzu a ɗakin lambun yayana take zaune, ba na bin titi da ita. Nakan je jefi-jefi, in hanya ta yi sauƙi. Wani zuwan ko karya ta ba na yi, sai in ɗauki fartanya in shiga layin albasa, yayana na faɗa wai ina tone masa abin da bai isa ba. Dattijo kan kira ni ranar Lahadi in ya taso daga coci. Ya ce a can kan duwatsu iska ba ta tsayawa, duk abin da ya harba gefe yake tafiya, kuma jikokinsa sun hana shi taɓa tantabarun unguwa. Ya tambaye ni ko na koyi zama. Na ce masa a tsaye nake amsa wayar.